NAZARI: Sake cika harsashi a gida a Amurka, shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A watan Nuwamban 2024 aka kammala wani ciniki da bai ja hankalin jaridu sosai ba a wajen Amurka. Kamfanin Czechoslovak Group na Jamhuriyar Cek, ɗaya daga cikin manyan masu samar wa Yukren harsasan atilare, ya sayi sashen ƙera harsashi na kamfanin Vista Outdoor a kan kuɗi fiye da dala biliyan 2. Da wannan ciniki, harsasan Federal da CCI da Speer da Remington, sunayen da maharban Amurka suka tashi suna gani a jikin kwalaye tun suna yara, suka koma hannun baƙi. J.D. Vance, tun yana sanata, yana cikin waɗanda suka nuna adawa da cinikin bisa hujjar tsaron ƙasa, amma kwamitin gwamnati mai tantance jarin ƙasashen waje ya ba da izini.

Cikin waɗanda labarin ya fi taɓawa akwai wani rukuni na masu bindiga da suka daɗe suna alfahari da cewa ba su dogara da kanti ba. Su ne masu tsince kwanson harsashi bayan sun yi harbi, su koma da shi gida, su sake cika shi a garejin mota ko a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Doka ta ba su damar yin haka, kuma akwai masana'antu da mujallu da littattafai da aka kafa domin su. Duk lokacin da harsashi ya yi tsada, sababbin mutane kan shiga sahunsu da tambaya guda: shin abin yana da riba? Amsar da shekarun baya-bayan nan suka bayar ta wuce lissafin aljihun maharbi, domin ta fito da wani abu da ya shafi duk ƙasar da ke maganar dogaro da kai a harkar makamai.

Abubuwa huɗu a cikin harsashi guda

Harsashin zamani ya ƙunshi abubuwa huɗu. Akwai kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa. Akwai albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga, sai kuma ɗan ƙyastu, wani ƙaramin maɓalli a gindin kwanson wanda idan aka danna kunama allurar bindiga ke buga shi ya kunna albarushin. Idan aka yi harbi uku daga cikin huɗun sun tafi, kwanso ne kaɗai ke faɗowa ƙasa. Shi ne kuma ya fi sauran tsada a yawancin nau'o'in harsashi, kuma ana iya sake amfani da shi sau da dama kafin ya tsage ko ya gaji. Kan wannan ne dukan harkar ta ginu.

Al'adar ta girmi yawancin kamfanonin da ke sayar da kayanta a yau. Maharban ɓauna a yammacin Amurka a shekarun 1870 suna tafiya da kayan cika harsashi saboda kanti ya yi musu nisa. Manyan sunayen wannan kasuwa kuwa ƙarancin kaya ne ya haife su. A 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe duk abin da masana'antu ke ƙerawa zuwa fagen daga, Fred Huntington ya kafa RCBS a Kalifoniya, Vernon Speer kuma ya fara yin ƙwayar harsashi da tsofaffin kwansuna. Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin a Nebraska a 1949. A 1958 Richard Lee ya fito da wani ɗan ƙaramin kayan aiki mai araha wanda ya sa talaka ma ya iya shiga harkar. Tun daga wancan lokaci abin ya zama kamar al'ada: idan kantuna suka bushe, sai kasuwar injin matsi ta buɗe.

Dokar haraji ma tana ba su ɗan rangwame. Tun 1937 Amurka ke karkatar da harajin da take ɗorawa kan bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji a jihohi, a ƙarƙashin dokar da ake kira Pittman-Robertson. Harajin harsashi kashi 11 cikin ɗari ne. Amma idan aka sayi kwanso daban, albarushi daban, ƙyastu daban, wannan haraji ba ya hawa kansu.

Lissafin da mai kanti ba ya son a yi a gabansa

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin mutum ya cika harsashi ko guda sai ya sayi injin matsi, da ƙarafan daidaita kwanso waɗanda kowane nau'in harsashi da nasa, da sikeli mai auna ƙanƙanin nauyi, da abin auna tsawo, da na'urar wanke kwanso, da littafin ƙa'idoji. Kayan masu farawa suna cin 'yan ɗaruruwan daloli. Injin da ke fitar da harsashi guda a duk jan hannu, irin na kamfanin Dillon, yakan haura dala 1,000 idan aka haɗa da sauran tarkacensa. Albarushi da ƙyastu kuma kaya ne masu haɗari a idon kamfanonin sufuri, don haka duk wanda ya yi odar su ta intanet sai ya biya wani kuɗi na musamman a kan kuɗin aike.

A ɗauki harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9, wanda ya fi kowane irin harsashin ƙaramar bindiga kasuwa a ƙasar. Masana'antu na ƙera shi da yawan da ya sa a lokacin wadata farashin guda kan tsaya tsakanin senti 20 da ɗoriya zuwa 30. Wanda zai cika nasa, ko da a kyauta ya tsinci kwanson, sai ya sayi ƙwaya da ƙyastu da albarushi, kuma a farashin bayan 2020 waɗannan kan tasar wa senti 20. Idan aka ƙaddara ya rage senti 6 a kan kowane harsashi, kuma ya kashe dala 500 a kan kayan aiki, sai ya cika fiye da 8,300 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Mai zuwa filin harbi sau uku ko huɗu a shekara zai iya tsufa bai kai wannan adadi ba.

Ba a ma sa kuɗin lokaci a ciki ba. Da injin masu farawa, mutumin da hannunsa ya saba kan fitar da 50 zuwa 100 a awa guda. Ko da a ce 100 ɗin yake yi, ribar senti 6 ta zama dala 6 a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na tarayya, wato dala 7.25, wanda ba a taɓa shi ba tun 2009. Wanda ya ɗauki abin a matsayin hanyar tattali, da ya je ya yi aikin awa guda a gidan mai da ya fi samu.

Lissafin yana juyewa idan aka koma kan manyan bindigogin farauta da na gasar harbi daga nesa. Harsashi irin .300 Winchester Magnum yakan kai dala biyu zuwa huɗu guda ɗaya, .338 Lapua kuma yakan wuce dala biyar. A nan kwanson yana da tsada sosai, don haka sake amfani da shi na nufin ragi na gaske. Idan ragin ya kai dala ɗaya da rabi a kan kowane harsashi, wannan dala 500 ɗin za ta dawo kafin a cika 350. Haka abin yake ga wanda ya gaji tsohuwar bindigar kakansa wadda masana'antu suka daina yi wa harsashi ko suke yi jefi-jefi. Shi ba zancen riba yake yi ba, domin idan bai cika da kansa ba bindigar ta zama ado a bango.

Masu gasa suna da wata hujjar ta daban. Kowace bindiga tana da haɗin da ya fi dacewa da ita, kuma masana'antar da ke ƙera miliyoyi ba za ta tsaya auna na mutum guda ba. Wanda ke neman ya sa harbi biyar a wuri guda daga nisan ɗaruruwan mitoci yana sayen daidaito ne da lokacinsa, kuma a wasu gasannin da wuya a ga wanda ya yi fice da harsashin kanti.

Akwai inda ƙofar a rufe take. Ƙaramin harsashin .22, wanda yara ke koyon harbi da shi, ƙyastunsa a cikin bakin gindin kwanson yake, don haka ba a saba sake cika shi ba. Harsashin bindigar tsuntsaye mai lamba 12 kuwa, tsadar dalma ta sa wanda ya cika da wanda ya saya kusan kunnen doki suke yi.

Su kansu tsofaffin 'yan harkar ba sa ɓoye cewa kuɗin da aka ce an rage ba ya komawa aljihu. Wanda harsashi ya yi masa sauƙi sai ya ƙara yawan harbi, ya sayi sabon sikeli, ya sayi wata bindigar don ya gwada wani haɗin. A ƙarshen shekara abin da ya kashe ya fi na da. Wannan ba laifi ba ne ga mai sha'awa, amma ya kamata a kira abin da sunansa.

Sannan akwai kuɗin da ba a iya lissafawa sai ya faɗo. Kuskuren zuba albarushi sau biyu a kwanso guda na iya tarwatsa bindiga a hannun mai ita. Harsashin da aka manta ba a zuba masa ba kuma yakan bar ƙwaya maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya zama masifa. Ƙurar dalma da ke tashi wajen wanke kwanso tana shiga jini, abin da ya fi illa ga yaran gida. Kamfanoni da yawa, ciki har da Glock, sun rubuta a takardar da ke zuwa da bindigarsu cewa kada a yi amfani da harsashin da aka sake cikawa, kuma duk wanda ya yi hakan ya fita daga lamuninsu.

Shekarar da aka gane inda igiyar take

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu cika harsashi ba ta kuɗi ba ce. Suna cewa idan kantuna suka bushe su ba ruwansu. Sun ga haka bayan zaɓen Barack Obama a 2008, sun sake gani a 2013 bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook, lokacin da tsoron sababbin dokoki ya sa mutane suka wawashe kantuna.

Shekarar 2020 ta gwada wannan magana gwaji mai tsanani. Annobar korona, da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, da zaɓen shugaban ƙasa, suka haɗu a shekara guda. Hukumar FBI ta gudanar da binciken masu neman bindiga sau miliyan 39.7, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar masana'antun bindiga ta NSSF ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karo na farko. Kowannensu na buƙatar harsashi. Farashin mai milimita 9 ya ninka har sau uku a wasu wurare, inda ma aka same shi ke nan. Ana cikin haka kamfanin Remington ya durƙushe, masana'antarsa ta harsashi a Arkansas ta yi rauni daidai lokacin da aka fi buƙatarta, har Vista ta saye ta a kan dala miliyan 81.4.

A ƙa'ida wannan ce ranar masu cika nasu. Sai ga shi ƙyastu ya ɓace. Dalilin ba boyayye ba ne. Manyan sunaye huɗu ne ke ƙera ƙyastu a Amurka, wato Federal da CCI da Remington da Winchester, kuma dukansu masu ƙera cikakken harsashi ne. Ƙyastun da suke sayar wa mutane a kwali rarar abin da layukansu ba su cinye ba ne. Lokacin da kowane harsashin da ya fito daga inji yake da mai saye a tsaye, babu kamfanin da zai sayar da ƙyastu a kan 'yan sentoci alhali zai iya sa shi a harsashi ya sami ribar duka. Ƙyastun da ake saye senti uku ko huɗu ya koma senti goma ko fiye, 'yan bumburutu a intanet kuma suka ninka wannan. Mutane suka zauna da injuna na dubban daloli da buhunan kwanso da aka wanke tas, babu abin kunnawa.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka tara kaya tun lokacin araha. To amma wannan ribar ajiya ce, kuma wanda ya tara kwalayen harsashin kanti a 2019 shi ma ya same ta ba tare da ya sayi inji ba. Abin da kawai za a ce mai cikawa ya fi shi da shi, ƙyastu dubu ba ya cin wuri kamar harsashi dubu, kuma ƙyastu iri ɗaya na iya shiga nau'o'in harsashi daban-daban.

Farashin ƙyastu bai koma gidan jiya ba ko bayan da harsashin kanti ya sauko. Wannan ne ya matse ribar mai milimita 9 zuwa 'yan sentocin da aka lissafa a baya. Wasu ƙananan kamfanoni sun fara shigowa, ana kuma shigo da ƙyastu daga waje, amma haɗa sinadarin da ke cikinsa aiki ne mai haɗari da ke buƙatar izini da fili da ƙwararru, ba a kafa masana'antarsa cikin shekara guda. Uku daga cikin sunaye huɗun nan yanzu mai su ɗaya ne, kuma shi ne kamfanin na Cek.

Auduga da yaƙi

Kafin a gama da matsalar ƙyastu sai ta albarushi ta kunno kai. Albarushin zamani ba irin na gargajiya ba ne. Da sinadarin naitiroselulos ake yin sa, wanda mafi ingancinsa ke fitowa daga gajeren gashin audugar da ke maƙale a jikin angurya bayan an gurje ta. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen sayar da wannan gashi. Shi wannan sinadari kuma shi ne ke tura harsasan atilare masu milimita 155, waɗanda yaƙin Rasha da Yukren ya riƙa cinyewa dubbai a rana tun daga 2022. A ƙarshen 2023 Vista ta sanar da dillalanta ƙarin farashi, tana mai kafa hujja da ƙarancin albarushi a duniya. A 2024 kuma aka dakatar da aika albarushin Alliant na gwangwani, wanda masu cika harsashi suka dogara da shi shekara da shekaru.

Ko a lokacin zaman lafiya ma, sunan da ke jikin gwangwani ba shi ne ke nuna inda aka yi kayan ba. Kamfanin Hodgdon na Kansas, babban mai sayar da albarushi ga masu cikawa, yana karɓo kayansa ne daga masana'antu a Ostareliya da Kanada da Fulorida, waɗanda babban abokin cinikinsu soja ne. Idan ma'aikatun tsaro suka yi oda, maharbin barewa a bayan layi yake.

Sauran kayan ma siyasar duniya ta shige su. A Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da takunkumi kan shigo da harsasan Rasha saboda gubar da aka sa wa Alexei Navalny, abin da ya toshe hanyar harsashi mafi araha a kasuwar. A Disamban 2024 Sin ta hana sayar wa Amurka antimoni, ma'adinin da a wasu ƙasashe ake yin kwalli da shi, wanda kuma ke shiga haɗin ƙyastu, ake kuma taurara dalma da shi. Tagullar kwanso kanta kusan kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ce, ga shi motoci masu lantarki da wayoyin wuta suna gasar sayen sa.

Inda doka ta tsaya

Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda ke cika harsashi don amfanin kansa, muddin ba ya cikin waɗanda aka haramta wa mallakar makami. Amma da zarar ya mayar da abin sana'a yana sayarwa, sai da lasisin ƙera harsashi. Bayan harin Las Vegas na 1 ga Oktoban 2017, wanda mutum 58 suka mutu a daren, masu bincike sun sami zanen yatsun wani mutumin Arizona a jikin harsasan da aka sake cikawa a ɗakin maharin. Ba a tuhume shi da hannu a harin ba. Laifin da ya amsa shi ne ƙera harsashi ba lasisi, aka yanke masa wata 13 a gidan yari.

Jihohi kuwa kowace da nata. Kalifoniya ta fara binciken mai sayen harsashi a Yulin 2019, Niyok ta bi sahu a Satumban 2023, kuma dokar Kalifoniya ta sha ja-in-ja a kotuna. Binciken na Kalifoniya bai shafi kwanso da ƙyastu da albarushin da aka saya a rarrabe ba, abin da masu neman a tsaurara doka ke kallo a matsayin kafa, wasu masu bindiga kuma suka ɗauke shi dalilin sayen inji.

Wasu ƙasashen ta bakin ƙyastu da albarushi suka kama abin. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen albarushi a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Birtaniya sai an nuna takardar izinin bindiga kafin a sayi ƙyastu. Afirka ta Kudu ta yarda mai lasisi ya cika nasa, amma ta ƙayyade masa ƙyastu 2,400 a kan kowace bindiga sai in yana da matsayi na musamman, kuma wani daftarin gyaran doka da aka fitar a 2021 ya nemi a hana abin gaba ɗaya, lamarin da ya jawo ƙorafi mai yawa daga maharba da masu gasa.

Abin da ya shafi Abuja

A Nijeriya tambayar riba ba ta ma taso ga ɗaiɗaikun mutane. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta hana ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su. A Agustan 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin bindiga. Abin da ya fi kusa da al'adar Amurkawan shi ne maharbin ƙauye mai ɗura wa adakarsa albarushi ta baki, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, kuma ita ma doka ta sa ta a wani aji na daban mai nasa izinin.

Duk da haka darasin na Amurka yana da amfani ta fuska biyu. Ta farko ita ce muhawarar da ke dawowa duk lokacin da aka kai wani mummunan hari, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a a Yunin 2022 su nemi izinin mallakar bindiga. Masu wannan kira kan tsaya a kan bindiga, ba safai ake jin sun tambayi daga ina harsashinta zai riƙa fitowa ba, da wa zai ƙirga shi. Bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kuwa kullum ƙarewa yake yi. Idan a ƙasar da ke da manyan masana'antu mai lasisi ya rasa ƙyastu na tsawon watanni, ɗan sa-kai a Tsafe ko Birnin Gwari ba shi da inda zai dosa sai kasuwar bayan fage, wadda ita ce ke ciyar da wanda yake gudu.

Harsasan AK-47 da ke hannun 'yan bindiga ba a ɗaki ake cika su ba. Yawancinsu kwansonsu na ƙarfe ne, da irin ƙyastun da ko Amurkawa masu cikakkun kayan aiki ba sa ɓata lokaci a kansa. Daga masana'anta suka fito, don haka ko dai ta iyaka suka shigo ko kuma daga wata ma'ajiya suka zurare. A Yulin 2024 hukumar kwastam ta baje kolin bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar Onne cikin kwantenar da ta taso daga Turkiyya. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 kuma ya ce makamai da harsasai 178,459 ba a san inda suke ba a ma'ajiyoyin 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda a Abuja aka rattaba mata hannu, ta sa harsashi a cikin sunanta tun daga farko. Cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda aka kafa a 2021 ta kuma sami dokarta a 2024, a kan lambobin kwalaye da rajistar ma'ajiya za a fi auna aikinta.

Fuska ta biyu ta shafi DICON, masana'antar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokarta a Nuwamban 2023, aka kuma buɗe mata ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Ana yawan sanar da yarjejeniyoyi da alƙawarin miliyoyin harsasai a shekara. Jami'in da irin wannan takarda ta zo teburinsa yana da tambayoyi huɗu da Ba'amurken gareji ya koya da tsada: ina za a narka tagullar kwanso, ina za a samo dalmar, wa zai kawo albarushi, wa zai kawo ƙyastu. Masana'antar da ke shigo da biyun ƙarshe daga waje tana harhaɗawa, matsayinta ɗaya da mai injin matsi a gida, sai dai girma. Tana iya rage kuɗi a lokacin wadata, tana samar da aikin yi, tana kuma iya buga lambarta a gindin kwanso yadda za a gane inda harsashi ya fito idan aka tsince shi a daji, wanda wannan kaɗai ba ƙaramin amfani ba ne. Amma ranar da masu albarushi a Turai ko Asiya suka sami odar da ta fi tata tsoka, ko wata gwamnati ta hana izinin fitarwa kamar yadda Amurka ta hana sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu na Cobra a 2014, layukanta za su tsaya da kwanso a jibge.

Nijeriya tana noma auduga a Funtuwa da Gusau da Gombe, tana da dalma da tutiya a Ebonyi da wasu sassan kwarin Binuwai. Tsakanin angurya da albarushi akwai masana'antar sinadarai mai cin jari da wutar lantarki da ruwa, wadda sai an yi shekaru ana gina ta, kuma ƙasashen Turai da suka fi ƙarfin aljihu sai bayan 2022 suka koma faɗaɗa nasu cikin gaggawa.